Takarda ta Huɗu a Ƙyallen Inno

Fakku, 6 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Mu'minatu, jikar Ni'imatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ki a ido ba. Yaya gida, yaya maigidanki, yaya aikin ofis? An gaya mini kin yi nauyi, Allah ya raba lafiya. Mu nan lafiya lau muke, in ban da gwiwata ta hagu da ta riga kowa sanin ranar da za a yi ruwa. Gero ya tsiro, shanu sun fara murmurewa.

Na san sai kin juya takardar nan kina neman mai ita. Ni ne Na'iya, ɗan Malam Ɗangiwa. Kakarki Ni'imatu ɗiyar ƙanwar babana ce, abokiyar wasata, saboda haka ke ma ba ki tsira daga bakina ba. Rabona da ke tun kina 'yar mitsitsiya, kuka zo sallah, ɗan maraƙi ya lashi hannunki kika cika unguwa da ihu. Kada ki ce me ya hana ni bugo waya. Waya a nan sai an hau tudu, kuma ɗan mai rubuta wasiƙa ba ya magana da iska alhali yana da biro. Mannir direba zai kawo miki wannan, shi zai dawo da amsa ran kasuwa.

Ga abin da ya sa na nemo ki. Ruwan shekaranjiya ya fasa rufin tsohon ɗakin Malam, dole muka fito da akwatinsa na ƙarfe. Shekara talatin da tara ke nan ba wanda ya buɗe shi, tun daminar da ya rasu ina makarantar horon malamai a Sakkwato. Na sa guduma na karya kwaɗon, ƙamshin tawadarsa ya buge ni, sai da na nemi wuri na zauna.

Ba ki riski Malam ba. Shi ne mai rubuta wasiƙa na garin nan. Kowace ran kasuwa yana gindin durumi a kan buzunsa, da alƙalamin kara a bayan kunne. A zamanin nan samarinmu suna tafiya cin rani Shagamu da Ibadan, wasiƙunsu su zo a motocin goro, duk da sunan Malam a jikin ambulan. Uwa ta zo ta durƙusa gefe, ya karanta mata, ta ce a maimaita, ya maimaita, sannan ta bar masa takardar. Me za ta yi da ita a ɗaki, ba ta karatu, ga akuya ga gobara? Ashe ko ɗaya bai yar ba. Suna nan fiye da ɗari uku, ƙunshi-ƙunshi, an nannaɗe su cikin tsummoki, danshi ya fara taɓa na ƙasa.

An ce kin yi karatun adana takardu, har kina aiki da shi a Tambuwal. Ni dai ban san ana zuwa makaranta don a koyi ajiya ba, mu ajiyarmu rumbu ce da ƙarƙashin gado. To ga ranar karatunki ta zo. Ki gaya mini yadda zan yi kada su ruɓe a hannuna.

Kakanki,
Na'iya

*

Tambuwal, 10 ga Yuni, 2023

Kaka Na'iya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, na karanta ina dariya ni kaɗai har abokan aikina suka ce ko aljanu sun shafe ni. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ka gaishe da uwargidanka, Gwaggo Zahara'u. Maganar ɗan maraƙi kuwa ƙari ka yi, tsoro bai kai haka ba. Abin da na fi tunawa da Fakku shi ne furar da Gwaggo ta dama mini a 'yar ƙwarya mai zane, har yau ban sha irinta ba.

Ina rubutun nan a gurguje, Mannir yana ta danna ham a bakin ofis. Na yi murna ƙwarai da labarin akwatin. Irin waɗannan takardu su muke nema ido rufe, domin tarihin talaka ba ya shiga fayil ɗin gwamnati.

Abin da za ka yi yanzu: babban maƙiyin takarda danshi ne. Ka raba su da duk abin da ke riƙe ruwa ko tsatsa, tsumma ne, allura ce, ko roba. Ka warware kowace a hankali, ka shanya su a inuwa inda iska ke bi, kada rana ta gan su. Kada a sa musu sitati ko gam, kada a shafa musu man komai. In sun bushe ka jera su a kwali mai tsabta, ka ɗora bisa benci, ba a ƙasa ba.

Da so samu ne da gobe ina hanya, amma likita ta ce in daina hawa mota, ga hanyarku in an yi ruwa ka san halinta. In na sauka lafiya na yi arba'in, ni da kai za mu zauna mu yi musu rajista ɗaya bayan ɗaya.

Jikarka,
Mu'minatu

*

Fakku, 20 ga Yuni, 2023

Mu'minatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jiki da sauƙi. Mu nan ƙalau, sai dai ni zuciyata ba ƙalau ba, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Na yi duk abin da kika ce. Na kwance tsummokin, na shanya takardun a zaure kwana uku. Da suka bushe sai malantar firamare ta motsa mini, na ce bari in gyara miki aiki kafin ki zo. Na ware na boko gefe, na ajami gefe, masu kwanan wata na jera su shekara-shekara, waɗanda na gane rubutun Malam ne na sa su daban a cikin wani tsohon littafi. Zahara'u kuma ta ce tsummokin nan ba na yarwa ba ne, ta wanke su tas ta shanya a kan danga.

Ana nan sai Inno ta shigo neman wuta. Inno maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu tun kafin a haife ni, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Ta dafa danga za ta wuce, hannunta ya sauka kan wani ƙyalle, baƙin saƙi mai ratsin ja. Ta tsaya tana murza shi. Ta ce, "Wanga ƙyalle nawa na. Ni niy yage shi ga zanen aurena. Ina takardun da anka ɗaure ciki?"

Mu'minatu, ashe ba tsummoki ba ne. Kowace uwa ita ke kawo wa Malam ƙyalle daga zanenta, ya ɗaure wasiƙun ɗanta a ciki. In ta zo ba sai ta faɗi sunan kowa ba, ta nuna ƙyallenta kawai. Kin san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ko a gabanta aka faɗa sai ta sunkuyar da kai. Don haka Malam ya hana samari sa suna. Na koma na duba, kusan duka iri ɗaya ne: "Zuwa ga mahaifiya," a ƙasa kuma "Ɗanki." Ambulan ɗin bai ajiye su ba. Ƙyallen nan shi ne suna, shi ne adireshi, ni kuma na kwance na ba Zahara'u ta wanke.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Ɗan farin Inno shi ne Gazali, ya girme ni da shekara uku, shi ya koya mini iyo a rafi. Bayan rasuwar ubansa ya bar gona da shanu tsakiyar damina ya ce zai tafi Shagamu. Inno ta ce masa in ya tafi kada ya dawo, ba da yawunta ba. Ya tafi. Ya rubuto sau uku yana roƙon gafara, ta ƙi amsawa. Sai a shekara ta uku zuciyarta ta sauko, ta zagayo wurin Malam ta sa ya rubuta cewa ta yafe. Malam ya ce zai ba direba ran kasuwa. Cikin satin ya kwanta ciwo, bayan kwana ashirin ya rasu. Da kaka wani ɗan goro ya kawo labarin Gazali ya rasu a can, zazzaɓi na kwana biyu.

Shekara talatin da tara tana son ta san ko yafiyarta ta riske shi da rai, kunya ta hana ta tambayi kowa. Duk wannan ba ni ta gaya wa ba, Zahara'u ta gaya wa, ni ina bayan zana ina ji.

Ƙunshin Inno shi ne a sama, shi na fara kwancewa, kuma na ƙirga domin ya fi saura ƙanƙanta. Takarda huɗu ce. Da na faɗa mata sai ta kama hannuna ta ce, "Fuɗu kac ce? Ni uku nis sani." Tun ranar kullum sai ta aiko a tambaya ko an ga ta huɗun. Tana cikin tarin nan, ban san wacce ba ce. Ki taimake ni.

Na'iya

*

Fakku, 18 ga Yuli, 2023

Mu'minatu,

Gaisuwa. Kasuwa huɗu ke nan ina tare Mannir, yana daga nesa yake kaɗa mini hannu alamar babu. In maganata ce ta yi miki zafi, ban rubuta don in ɗora miki laifi ba. In kuwa aikin ofis ne ya fi tsohuwa da ƙyallenta muhimmanci, ki faɗa mini in san inda dare ya yi mini.

Da na ga shiru sai na yi dabarar ƙauye. Na sa Zahara'u ta bi gida-gida ta kira tsofaffin matan da suka rage. Tara suka zo, kowace ta ɗauki ƙyallenta a hannu, muka zauna a zaure da hantsi, ina ɗauko wasiƙa ina karantawa. Abin da na gani ba zan manta ba. Sai in fara layi ɗaya, wata ta ɗaga hannu ta ƙarasa mini sauran da ka, har da inda ɗanta ya ce a gaishe da jaki. Takardar da aka karanta musu sau biyu shekara arba'in da suka wuce! An yi dariya, an yi kuka, an tuna 'yan goro da motarsu mai jan kai da sai an tura take tashi. Kwana shida muna yi. Inno ta gane nata uku tun ban kai rabi ba.

A rana ta shida na ɗauko wata 'yar gajeruwa ta boko, babu kwanan wata. Ga abin da ke ciki: "Zuwa ga mahaifiya. Takardarki ta iso. Na ji kin yafe mini, na yi sujada a tasha mutane suna kallona. In Allah ya so ina gida kafin girbi. Ɗanki."

Inno ta ce, "Ita ta." A lokaci guda Atu ta ce, "Tawa ta." Atu ba ki san ta ba, ƙawar Inno ce tun suna 'yan mata. Ita ma ɗanta ya tafi suna fushi da juna, ita ma ta aika da yafiya, shi ma bai dawo ba, mota ta kife da su a hanyar dawowa. Ita ma ba a taɓa karanta mata amsa ba, don ta yi wata biyu a Dogon Daji wurin jinyar uwarta a daminar da Malam ya rasu.

Yanzu tsofaffi biyu da suka yi shekara saba'in suna cin tuwo a akushi ɗaya ba sa gaisawa. Inno ta rage cin abinci, ƙafafunta sun kumbura, ba na jin za ta ga wata daminar. Ni kuma in na wuce ɗakin Malam sai in kau da kai. Mutum bai je makarantar boko ba, ya tsara abinsa yadda makauniya ma za ta gane nata da hannu, ɗansa mai takardar shaidar malanta ya zo ya watsa a kwana uku.

Takardar tana aljihuna, na hana kowa. In karatunku yana da abin cewa, yanzu ne.

Na'iya

*

Tambuwal, 25 ga Yuli, 2023

Kaka,

Ka yi haƙuri, ka yafe mini. Ba fushi ba ne, ba kuma ofis ba. Ranar da takardarka ta ashirin ga Yuni ta iso ina asibiti, haihuwar ta zo da gardama sai da aka yi mini aiki. Allah ya ba mu mace, an sa mata Bara'atu, muna lafiya yanzu. Maigidana ya karɓi takardun biyu ya ajiye a aljihun babbar riga, ya ce kada a tayar mini da hankali. Jiya ya ba ni. Na karanta ina shayarwa, hawaye na ɗiga a kan yarinyar.

Laifin nan nawa ne, kada ka ɗauke mini shi. Ka rubuta mini cewa ƙunshi-ƙunshi suke, na karanta da idona na wuce. Abu na farko da aka koya mana, tun kafin maganar danshi, ƙa'ida biyu ce. Takardun mutum ɗaya ba a gauraya su da na wani. Kuma yadda mai abu ya jera abinsa haka ake barinsa, ko da a idonka hargitsi ne, domin jerin ma magana yake yi. Kafin a taɓa komai sai an rubuta yadda aka same shi. Na ci jarrabawa a kan wannan da maki mai kyau, Kaka, amma da aka zo kan akwatin gidanmu sai na ba ka shafi na biyu na manta na farko, don direba yana danna ham. Abin da Malam ya yi da ƙyalle shi muke yi da fayil da lamba, kuma nasa ya fi namu, tunda namu sai mai karatu.

Yau Malam Lauwali ya zo barka. Shi ne tsohon shugaban sashenmu, ya yi shekara talatin cikin ƙurar fayil kafin ya yi ritaya. Na ba shi labari, sai ya tambaye ni ko ƙwaro ya taɓa takardun. Ya ce takardun da suka daɗe tare suna ɗaukar tabon juna. Akwai ɗan ƙwaron da ke huda takarda ya zarce, in ya shiga ƙunshi sai ya ratsa duk abin da ke ciki a wuri ɗaya. Ƙunshi biyu ba sa samun huda iri ɗaya.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗauki ukun da Inno ta gane, ka mayar da kowace kan tsohon ninkinta, kada ka yi sabon ninki. Ka ɗora su bisa juna ka ɗaga wa haske. In akwai huda da ta ratsa su, ka zura tsinken tsintsiya siriri a hankali. Sannan ka gwada gajeruwar nan. Ka yi haka da na Atu. In ba ta shiga na Inno ba, ka bi sauran takardun duka, kada ka tsallake ko ɗaya don kana ganin ba ta da alaƙa.

Na sa maka littafin rajista a cikin saƙon nan, na ja layukan da kaina: lamba, mai ƙyalle, daga wa, zuwa ga wa, ranar aikawa, yadda aka gane ta. Abin da ba ka tabbatar ba ka bar gurbinsa fari.

Ka gaishe mini da Inno, ko da ba ta san ni ba.

Mu'minatu

*

Fakku, 1 ga Agusta, 2023

Mu'minatu,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya Bara'atu, ki gaya mata tana da miji a Fakku mai gwiwa ɗaya da rabi. Maganganun da na yi miki a takardar baya na janye su, tsufa ne da haushin kaina. Shi kuma maigidan naki, ki ce masa aljihun babbar riga ba gidan waya ba ne.

Ki yi wa Malam Lauwali godiya. Ƙwaron ya yi aikinsa. Na Inno uku suna da huda biyu kusa da kusurwa, tsinke ya wuce sumul. Na Atu bakwai ne, hudarsu ɗaya ce a tsakiya, ta ɗan karkace.

Gajeruwar ta Atu ce. Na gwada sau biyar ina addu'ar in ga akasin haka. A na Atu tsinke ya wuce kamar da ma jiransa take, a na Inno ko kusa.

Sai na bi sauran kamar yadda kika ce. Kwana biyu ina yi, na boko, na ajami, babu wadda ta dace. Har na haƙura, sai na tuna kin ce kada in tsallake ko ɗaya. Na ɗauko tsohon littafin nan da na sa rubuce-rubucen Malam, waɗanda na ɗauka addu'o'i ne da lissafin watanni ban ko karanta ba. Ta shida a ciki tana da huda biyu kusa da kusurwa.

Rubutun babana ne, Mu'minatu. Wasiƙar Inno ce, ta yafiyar. Ba amsa ba ce. Na tambayi tsofaffi, sun tuna a satin nan rafi ya cika, motar goro ba ta shigo kasuwa ba. Ya ɗaure ta a ƙyallenta yana jiran kasuwa ta gaba, kasuwa ta gaba ta same shi a kwance. Ba ta taɓa barin Fakku ba. Katanga ɗaya ce tsakanin Inno da ita duk shekarun nan.

Ban gaya wa kowa ba sai Zahara'u. Ga abin da ke raina, kada ki yi mini dariya. Wa ya san zancen tsinke in ba ni da ke da Zahara'u ba? In na ce gajeruwar ta Inno ce, za ta mutu da farin ciki. Atu ta fi ta ƙarfi, tana da jikoki cike da gida. Wannan kuma in mayar da ita cikin littafi in rufe. Zunubin ya hau kaina, na yarda.

Mannir zai juyo jibi saboda wannan kaɗai. Ina jira.

Na'iya

*

Tambuwal, 3 ga Agusta, 2023

Kaka,

Mun gode da barka, Bara'atu ta ce sai ta ga shanun tukuna.

Ban yi maka dariya ba. Ni ma da na karanta abin da zuciyata ta fara raya mini ke nan, na yini da shi. Amma ka duba. Wancan yaron ya yi sujada a tasha saboda uwarsa, ya sa an rubuta don ita ta ji. In ka ba Inno, ka ƙwace wa Atu maganar ɗanta ta ƙarshe, kuma ba mai mayar mata. Mun riga mun raba takardun nan da masu su sau ɗaya bisa kuskure. Kada mu sake da gangan.

Ita ma ta huɗun ba taka ba ce, ba tawa ba. Ajiya ce aka ba Malam, ta faɗo hannunka. Mai ajiya ba ya zaɓar wa mai kaya abin da zai gani cikin kayansa. Matar da ta riƙe wasiƙa uku a ka shekara arba'in, ina jin ta fi ƙarfin a yi mata wayo.

Ban san yadda za ka faɗa mata ba, wannan babu shi a littafinmu. Ka fara da Atu, ka roƙe ta ta zauna kusa da Inno. Da ina iya tafiya da na zo na durƙusa tare da kai.

Mu'minatu

*

Fakku, 8 ga Agusta, 2023

Mu'minatu,

Sallama. Ina fatan ke da amaryata kuna lafiya. An yi ruwa mai kyau, gero ya kai ƙugu.

Na yi yadda kika ce. Shekaranjiya na kai wa Atu takardarta a cikin ƙyallenta, na karanta mata sau uku. Da ta gama kukanta na gaya mata sauran. Sai ta jawo mayafi.

Jiya da la'asar muka shiga wurin Inno, ni da Atu da Zahara'u. Tana kan tabarma a ƙofar ɗaki. Atu ta zauna ta jingina da ita kamar ba su taɓa faɗa ba. Na ce, "Inno, an ga ta huɗun." Na shirya jawabi tun safe, ya gudu ya bar ni. Sai kawai na buɗe na fara karantawa: "Ni ce wadda ta ce kada ka dawo."

Ban ƙara kalma ba Inno ta karɓe. "Na janye maganata. Karsanarka ta haihu, ban bari an taɓa ɗan ba. Ka dawo ko da rigar wuyanka kaɗai." Ta kai nan ta tsaya. Ta daɗe tana murza ƙyallen.

Ta ce, "Ba ta tafi ba ke nan."

Na ce, "Ba ta tafi ba, Inno. Rafi ya cika, mota ba ta zo ba."

Na zaci za ta faɗi, ko ta yi wa Malam Allah ya isa, kuma da ta yi da ban ga laifinta ba. Sai ta ce, "Allah shi jiƙan Malam, ya aje amana." Sannan ta tambayi Atu, "Ina ne Shagamu daga nan?" Atu ta nuna kudu. Ta ce a juya ta. Muka kama ta mu uku muka juya tabarmar.

Ta ce, "Na'iya, karanta daga farko. Ɗaga murya, ba ni kaɗai za ka karanta ma ba."

Na miƙe tsaye na karanta da ƙarfi, yadda nake yi wa 'yan aji shida, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Layin ƙarshe Malam ya rubuta, "Na yafe maka duniya da lahira, ɗana." Ina kaiwa nan ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Ba hakanan nika so ba." Ta gyara zama, ta dubi kudu da idon nan nata da ba ya gani sosai, ta ce, "Gazali. Gazali, na yafe maka."

Atu ta rufe baki da mayafi. Shekarata hamsin da takwas katanga ɗaya da Inno, ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ɓoyo. Daga baya ta ce Zahara'u ta dama mata fura, ta sha rabin ƙwarya.

Ta ce in mayar da huɗun cikin ƙyallen in ɗaure yadda Malam ke ɗaurewa, ta nuna mini ƙullin da hannunta. Na mayar da shi saman akwatin inda na same shi. Ƙunshi tara sun koma yadda suke. Sauran, waɗanda masu su suka riga mu gidan gaskiya, suna jiranki ke da tsinkenki.

Na fara cika rajistar. Lamba ta huɗu: mai ƙyalle, Inno. Daga Inno zuwa ga Gazali. Yadda aka gane ta, hudar ƙwaro da bakin mai ita. Gurbin ranar aikawa ne ya tsayar da ni. Kin ce abin da ban tabbatar ba in bar shi fari. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta bakwai ga Agusta, 2023.

In ya saɓa wa ƙa'idarku, ki gyara da hannunki in kin zo. Ni dai ina wurin aka aika ta.

Kakanki,
Na'iya